Daminar da Barci Ya Ƙaurace wa Baban Laraba

Sunana Hannatu. Ban yi karatu ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Ɗiyata Laraba ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana. Maigidana ya rasu a kakar bara, da tsufansa, a kan tabarmarsa. Har yau ina kukansa, ba na kuma ɓoyewa. Matan majami'a sukan ce, Inna ki yi haƙuri, ai ya huta. Na san ya huta. Amma akwai shekarar da rashin kuka ya kusa raba ni da shi tun yana da sauran ƙarfinsa. Jinyar wannan shekara nake so a rubuta, ko wani zai gane irin ciwon da wuri fiye da yadda muka gane shi.

Zamanin En'e ne, lokacin da magana kan fito daga wajen hakimi, ta bi ta bakin dagaci, ta sauka a ƙofar gidan mutum ba a tambaye shi ba. Muna zaune a wata 'yar unguwa tsakanin Roni da Gwiwa, a bayan duwatsu. Iyayenmu Maguzawa ne, mu ne farkon waɗanda suka karɓi bishara a wajen. Majami'armu ta kara ce da jinka, ƙararrawarmu kuma tsohuwar garma ce da aka rataye a reshen ɗorawa. Ran Lahadi in an buga ta, har Fulanin da ke mashekari kusa da mu sun san yau ba za a sayi nono da wuri ba. Ba mu da komai, amma ban taɓa jin daɗin waƙa kamar na wancan ɗaki ba, ana yi ciyawa na zubo mana a ka.

Mun bar tsafi, amma ba mu bar al'ada ba. Cikin abin da muka riƙe da ƙarfi akwai kunyar ɗan fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ma haka. Ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka wasa da shi, ba ka nuna ka damu da shi. Namu ɗan farin namiji ne, kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi har ya tasa. In zan kira shi sai in ce, kai, wannan. Ubansa kan ce yaron nan. Ko mutane ba sa kiran maigida da sunan yaron, sai da aka haifi Laraba sannan ya zama Baban Laraba. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha ganin uban ya tashi daga kan akushi ya bar tsokar nama a gefen da yaron yake, kamar mantuwa ya yi. Su biyun za su yini suna noma kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce wa wani uffan, amma in ɗaya ya tsaya ɗayan ma sai ya tsaya.

A bazarar shekarar aka aiko cewa kowane gida ya ba da namiji ɗaya don aikin hanya wajen Babura, ɗaukar marmara a kwanon sarki. Maigida ya shirya zai tafi. Yaron, wanda a lokacin gemu ya fara tsiro masa, ya je ya sami yayar uban, Goggo Ladi, ya ce ta gaya wa Baba ya zauna ya yi sharar gona, shi zai je. Ta haka ake magana tsakaninsu, sai ta bakin wani. Uban ya ce to. Da safe na ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma, na ajiye a bakin ƙofa, ban miƙa masa a hannu ba. Ya ɗauka ya tafi yana fito.

Sanƙarau ya shiga sansanin ma'aikatan. Maƙwabcinmu Tanimu, wanda suka tafi tare, shi ya dawo da labari. Ya ce shi ma yana kwance lokacin, bai ga jana'izar ba, amma an gaya masa wani Bafulatani da wasu leburori sun binne yaron a gindin gawo, gabas da inda ake haƙar marmara. Maigida yana gyaran jinkar rumbu aka faɗa masa. Ya sauko, ya ce to, ya tambayi Tanimu ko ya ci abinci. Sannan ya koma kan rumbun ya ƙarasa ɗaurin.

Mutane suka yi ta yabonsa. Dattawan unguwa suka ce namiji ke nan. 'Yan majami'a kuma suka ce ga mai bi na gaskiya, ya san ɗansa yana wurin Ubangiji, shi ya sa ko hawaye bai yi ba. A lokacin mu sababbi ne a bangaskiya, mun ɗauka wanda ya yi kuka a kan mamaci bai yarda da tashin matattu ba. Sai ya zama ƙofa biyu aka rufe masa, ta al'ada da ta abin da muka zaci addini ne. Masu gaisuwa su zo, shi ne zai riƙa tambayarsu labarin irin shuka.

Ni ma ba a yarda in yi kuka ba, uwar ɗan fari ce. Amma mu mata muna da dutsen niƙa. In kin durƙusa kina niƙa kina rera waƙa, ba wanda zai tambaye ki ko gumi ne a fuskarki ko hawaye. Na niƙa dawa a wannan bazara fiye da abin da gidanmu zai iya ci, har ta maƙwabta nake karɓa. Namiji ba shi da dutsen niƙa.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ciwon ya fara, a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da ya soma ba. Barci ne ya fara tafiya. Da asuba in na tashi sai in tarar shimfiɗarsa ta yi sanyi, ya riga ya fita. Goro ya zama abincinsa, shi da taba gari, bakinsa ba ya rabuwa da su. Tuwo in na kai masa sai ya yi loma kaɗan ya ture. Ya daina cin abinci a zaure tare da maza, ya koma ci shi kaɗai a bayan rumbu.

Ga kuma aiki. Bayan gonar gandu ta gida, yaron yana da gayaunarsa, 'yar gonar da ake yanka wa saurayi ya noma wa kansa. Kowa ya zaci za a bar ta ta huta a shekarar, ko a ba wani. Maigida ya shuka ta da hannunsa. Da safe yana gandu, da rana tsaka lokacin da kowa ke gindin itace shi yana gayauna, da yamma ya koma gandu. Ran Lahadi ma in an tashi daga sujada sai ya zame ya tafi, mutumin da a da ko igiyar akuya ba ya tufkawa ran Lahadi.

Wajen noman fari ya fara cewa ƙeyarsa na ciwo, kamar an ɗora masa dutse. Bayan nan kunnuwansa suka fara ƙugi. Wani lokaci ya kan dafe ƙirji ya ce ana daka a ciki. Mutum mai sanyin hali, sai ga shi yana faɗa a kan ludayi, ranar nan har ya doki jakinmu da ƙotar fartanya, sannan ya tsaya yana kallon hannunsa. Laraba, ke ma kin tuna, a lokacin kika daina zuwa tarye shi a bakin hanya.

Shawara kuwa ta zo daga ko'ina. Goggo Ladi ba ta karɓi bishara ba har ta mutu, amma tana son ƙanenta kamar ranta. Ta ce kurwar yaron ce ke kiransa, tun da ba a yi masa abin da ake yi wa mamaci ba, a yanka jan zakara a gindin tsamiyar gidan kakanni. Maigida ya ce shi ya bar wannan hanya. Ta ce masa, to hanyar da ka kama ta ba ka barci mana. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, na ba shi kaza. Maigida ya ji sauƙi yini guda, ciwon ya dawo. Wata ta kawo saiwa a jiƙa da kanwa, ashe kanwar ma ƙara masa take yi, ba mu sani ba. Dattawan majami'a suka zo suka ɗora masa hannu, suka ce ya ƙara bangaskiya. Na gode musu, Allah ya sani da zuciya ɗaya suka zo. Amma bayan tafiyarsu ya ce mini, ashe bangaskiyar tasa ma ba ta kai ba. Wannan magana ta ƙara masa wani nauyi a kan na da.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, ya faɗi a gayauna. Matan Fulani masu tallar nono ne suka gan shi kwance tsakanin kunyoyin gona, jini na zuba ta hanci, suka rugo suka faɗa mini. Aka ɗauko shi a kan ƙyauren kara. Washegari na sayar da akuyata mai ciki, muka ɗora shi a jaki sai Kazaure. Layin masu jiran magani ya kai har waje, mata da goyo, tsofaffi da gyambo, kowa a rana. Da layi ya zo kanmu, mai duba mutane ya gaji, ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya ji an ce ciwon kai da jiri, ya ce zazzaɓin damina ne, aka ba mu ruwan magani mai ɗaci a kwalba. Ban riƙe shi a zuciya ba, mutum ɗaya ne a kan jama'a kamar kasuwa. Sai dai akuyata ta tafi, maganin kuma ƙugin kunnen ya ƙara masa.

Tanimu ne ya ce mu gwada ɗakin shan magani na mishan da ke wajen Roni. A can muka sami Malam Bitrus, ma'aikacin wurin, ɗan gajere mai sanƙo, wanda ba ya gaggawa ko da layi ya kai ina. Mutane na gunaguni a kan haka, ni ma na yi, sai da layi ya zo kaina na daina. Ya ɗaura wa maigida wani ƙyalle a dantse, ya riƙa matsa wata 'yar roba yana hura shi, ya sa abin saurare a kunne. Ya sake yi a ɗaya hannun. Sannan ya ce, "Yaya, jininka ya hau. Hawan jini ake ce masa." Ranar na fara jin wannan suna, kuma bai bar kaina ba har yau. Ya ce in aka bar shi haka, wata rana zai faɗi, ko dai ɓarin jiki ya mutu ko ya tafi gaba ɗaya.

Ya ba mu ɗaki cikin 'yan bukkokin masu jinya, ya ce mu zauna. Ya ba da ƙwayoyi ƙanana na kwantar da jiki, amma ya ce ƙwayar ita ce ƙarama a cikin maganin. Ya hana goro daga azahar, ya hana taba gaba ɗaya. Ni kuma ya ce in janye hannu daga gishiri da kanwa, in yawaita ganye, zogale da rama da yakuwa. Ya ce da sanyin safiya mu taka tare zuwa bakin rafi mu dawo, ba da fartanya ba, ba da gatari ba, tafiya kawai. Da rana maigida ya kwanta ko barci bai zo ba. Abinci kuma kada ya ƙara ci shi kaɗai. Maigida ya ce wannan ai zaman mai jego ne. Malam Bitrus ya yi dariya ya ce to Allah ya raya, amma ba inda za shi.

Tafiyar safen nan, kunya ta kusa kashe ni da farko. Mace da miji suna tafe tare ba kaya a ka, ba inda za su. Matan da ke ɗibar ruwa har tsayawa suke suna kallonmu, wata ta ce amarci ne aka sake. Amma yau in aka ce in zaɓi kwanakin da zan koma cikinsu, su zan zaɓa. Gero ya yi kore shar, duwatsun Roni sun jiƙe suna sheƙi, shi yana gaba ina baya, wani lokaci ya tsaya ya nuna mini gonar wani ya ce wannan bai iya noman fari ba.

Bayan 'yan kwanaki Malam Bitrus ya same ni ina wanke tukunya. Ya ce ya duba maigida sama da ƙasa, jikinsa na manomi ne, ba abin da ya lalace. Ya ce irin wannan ciwo sau da yawa damuwa ce ke hura shi, kuma ya tambayi maigida, shi kuwa ya ce ba komai.

"Uwar Laraba, me ya faru a gidanku bana?"

Na ce mun yi rashi.

"Wa ya rasu?"

Na ce wani yaro ne.

"Yaron wa?"

Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Shi ma Bahaushe ne, ya san abin da shirun ke nufi. Sai ya ce a hankali, "Na fari ne." Na gyaɗa kai.

Bai tunkari maigida kai tsaye ba, don ya girme shi, kuma ba a ce wa babba ya yi kuka. Kowace safiya akan yi addu'a a rumfar ɗakin maganin kafin a fara duba mutane. Washegari sai ya ba da labarin yadda Yesu da kansa ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya zub da hawaye a gaban jama'a, alhali ya san zai tashe shi. Ya ce in Ubangiji bai ji kunyar hawaye ba, to hawaye ba rashin bangaskiya ba ne. Ya ce Allah bai ce mu zo masa da fuskar da muke kai wa fadar dagaci ba, ya ce mu zo da kayanmu yadda suke, mu sauke. Ni dai ina jin haka na ja mayafi na rufe fuska. Da aka ce kowa ya ambaci wanda yake so a sa a addu'a, aka zo kan maigida, ya ce a yi wa gonaki addu'a, Allah ya kare su daga tsuntsu.

Da muka koma ɗaki ya yi fushi. Ya ce na kai maganar gida waje. Ya ce gobe za mu tafi, ciyawa ba ta jiran mai jinya. Malam Bitrus bai hana shi ba. Ya ce dai a riƙe dokokin, kuma zai zo ya gan mu.

A gida ya riƙe wasu ya saki wasu. Taba ya bari, goro ya rage, Goggo Ladi da kanta ta zama mai gadin gishiri, tana ɗanɗana miyata tana harara ta. Maza 'yan majami'a suka yi mana gayya suka ƙarasa gandu, kuma Tanimu ya riƙa ɗauko akushinsa yana zuwa su ci tare, ko an yi hira ko ba a yi ba. Ciwon ƙeya ya ragu, ya ɗan yi kumari. Na fara cewa mun tsira. Barcin ne dai bai dawo ba, sai ɗan gyangyaɗi.

Da gero ya nuna, komai ya dawo sabo. Aka girbe gandu aka ɗaure, gayauna tana tsaye. Ta yi kyau fiye da kowace gona a unguwar, zangarniya kamar dantse. Ya kasa sa mata magirbi, ya kuma hana kowa. Girbe ta yana nufin a kai hatsin wani rumbu, a ce na wane ne, shi kuwa mai ita ba ya nan. Sai ya je ya zauna a gefenta tun safe, tsuntsaye na ci yana kallo, ko korarsu ba ya yi. Jiri ya dawo, haɓo ya dawo. Wata safiya ya ce mini hannunsa na hagu ya yi nauyi. Na tuna maganar ɓarin jiki, na aika wa Malam Bitrus.

Ya zo ran Lahadi a kan kekensa. Ya auna shi, bai faɗi abin da ya gani ba, amma na ga fuskarsa. Suka zauna a gindin ɗorawa su biyu har inuwa ta juya. Daga baya maigida ya gaya mini cewa Malam Bitrus ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa inda aka binne yaron. Ya ce a'a, uba ba ya bin kabarin ɗan fari. Malam Bitrus ya ce shi ba shi da sauran ƙwayar da ta fi wadda ya bayar, abin da ya rage masa ya rubuta shi ne wannan tafiya, kuma a tafi da uwar. Ya ce a tafi a hankali, a huta a hanya, in maigida ya ƙi kuwa kada a sake kirawo shi, shi Malam Bitrus, daga Roni a banza. Ban taɓa jin Malam Bitrus ya yi wa wani magana mai kaushi haka ba.

Muka ce wa mutane za mu kasuwar Babura. Shi a kan jaki, ni a ƙasa, muka kwana a hanya gidan wata 'yar'uwata. Tanimu ya yi mana kwatance, muka sami ramin marmarar, ruwan damina ya cika shi. Gawo kuwa ga su nan da yawa, ba mu san wanne ba ne. Muna tsaye sai ga wani dattijon Bafulatani da shanunsa sun zo shan ruwa. Bayan gaisuwa maigida ya ce muna neman inda aka binne wani yaro daga cikin masu aikin hanya, a bazara.

Dattijon ya dube mu, ya ce dogo, mai yawan fito? Ya ce shi ya binne shi. Ya ce yaron kan zo rugarsu da yamma ya taya shi ɗaure maruƙa, a ba shi nono. Da ciwon ya kama shi kowa na gudu, shi da wasu mutum biyu suka ɗauke shi, ya yage rabin rawaninsa aka rufe masa fuska. Ya ce an gaya masa yaron ba Musulmi ba ne, shi dai ya ga ɗan mutane ne. Ya kai mu gindin wani gawo, ga ƙaya ya jera a kan wurin saboda kuraye, ga duwatsu a kewaye.

Muka tsaya a gefen duwatsun. Sai dattijon ya ce, "Ɗan Roni muke ce masa. Kullum na wuce nan da shanu sai na tuna shi, amma ban san sunan da aka raɗa masa ba. Yaya sunansa?"

Na dubi ƙasa. Maigida ya dubi ƙasa. Ba Tanimu, ba Goggo Ladi, ba wanda zai faɗa a madadinmu. Dattijon ya dube ni, ya dube shi, sai ya gane, don su Fulani sun fi mu wannan kunya. Ya dafe baki ya ce, "Ku gafarce ni, ban sani ba." Ya ɗauki sandarsa ya juya.

Ya yi 'yan taku sai na ji murya a gefena, wata iri, kamar ba tasa ba.

"Ishaya."

Dattijon ya tsaya.

"Sunansa Ishaya. Ɗana ne. Ni ya kamata in zo aikin nan, shi ya zo."

Maigida ya durƙusa a kan duwatsun. Ban taɓa jin kukan namiji irin wannan ba, kamar ana tsaga itace. Ya yi ta kiran sunan, yana gaya masa gayaunarsa ta yi kyau, yana gaya masa tsuntsu na ci. Ni ma na durƙusa, na kira shi, karo na farko tun ranar da na haife shi. Bafulatanin nan, Allah ya saka masa, bai tsaya kallo ba. Ya kaɗa shanunsa can nesa, ya juya mana baya, ya tsaya yana tare hanya kada wani ya zo ta wajen.

Da kukan ya lafa, maigida ya yi addu'a. Ba irin ta majami'a ba ce mai tsari. Ya ce wa Yesu ya gaji, ya ce ya ɗauka shi kaɗai ya kasa, ga yaron nan, ga shi shi ma. Na ce amin. Sannan ya jingina da gawon ya ce bari ya ɗan huta kafin mu kama hanya. Kafin in kwance tsummar guzuri, ya yi barci. Baki buɗe, har da minshari, ƙuda na sauka a goshinsa bai sani ba. Rana ta karkata, na san dare zai yi mana, ban tashe shi ba. Na zauna ina kora masa ƙuda da bakin zanena. Matar dattijon ta kawo fura da nono a ƙwarya, na yi mata alama da hannu, ta ajiye a hankali ta koma. Sai wajen la'asar sakaliya ya farka, ya dubi ƙwaryar, ya shanye ta tas, ya tambaya ko akwai saura. A rugar muka kwana.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce daga ranar ciwo ya tafi. Hawan jini bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. In ya saki doka, ƙeya ta tuna masa. Mun ci gaba da zuwa awo wurin Malam Bitrus, miyata ba ta ƙara ganin kanwa ba, hutun rana da na Lahadi ya zama wajibi, tafiyar safe kuwa mun yi ta har ƙafafuna suka gaza. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, in ka ga naka ya yi rashi ko ya shiga wani hali, ya daina barci, ya daina ci cikin mutane, ya rungumi aiki kamar zai kashe kansa, kada ka tsaya yabon dauriyarsa. Kai shi a auna shi, ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya faɗa wa Allah da mutum abin da ke ransa.

Da muka dawo gida, ya je da kansa ya gaya wa 'yan majami'a su zo a girbe gayauna. Abin da tsuntsu ya bari ya ce a kai rabi rugar dattijon nan, rabi a yi kunu a raba wa masu jinya a Roni. Goggo Ladi ta zo ta leƙa fuskarsa, ta ce ita dai ba ta san wace hanya ce ta yi aiki ba, amma ƙanenta ya dawo.

Da yammar ranar girbin, bayan an ci tuwo, ya tara mu a tsakar gida don addu'a kamar yadda aka saba. A da in zai sa 'ya'ya a addu'a daga Laraba yake farawa. Ranar ya ce, "Ubangiji, mun gode maka saboda Ishaya, wanda yake wurinka." Yaran suka buɗe ido suna kallon juna, Goggo Ladi da ke bakin ƙofa ta ce a'a, yau kuma. Shi bai tsaya ba, ya wuce kan Laraba, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har auta. Haka ya riƙa farawa kowace yamma, shekara da shekaru, har yammar da ta zama ta ƙarshe.

Ajiye alƙalamin haka, Laraba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya ƙarfin zuciya, ya kai ni inda su biyun suke.